Na hau Windows 11, faifan hotunan biki ya ƙi fitowa

Mai Hoto: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah ina cikin wani hali, a taimaka min da shawara. Daren Juma'a na bar laftof ɗina ta hau Windows 11, tunda an daɗe ana gaya mana Windows 10 ta daina samun gyaran tsaro tun ranar 14 ga Oktoban 2025. Ta gama lafiya lau, ta tashi. Da safe na jona faifan ajiyata na waje mai 2TB, wanda nake zuba duk aikina a ciki, sai ya ƙi fitowa. Fitilarsa na kamawa, ina jin ƙarar nan ta an jona USB, bayan kamar minti ɗaya kuma sai in ji ƙarar an cire, alhali ko taɓa shi ban yi ba. Akwai hotunan biki uku a ciki da ban ba masu su ba. Ɗaya ma an biya ni kuɗin albam gaba ɗaya, kuma na riga na goge katin kyamara. Na biyu, firintar da nake wanke hoton fasfo da ita ta tsaya, wani saƙo ke fitowa wai "A driver cannot load on this device". Wallahi tun jiya ban runtsa ba.

Autan Zaure: Wa alaikumus salam. Yaya, idan ya fito ya ce a yi masa fomat, ka yi masa mai saurin, daga baya ka sa manhajar dawo da fayiloli. Haka na yi wa filashina kwanaki, kuma na samu wasu.

Injiniya: Kul! Auta, ka ji abin da ka faɗa da bakinka: "wasu" ka samu. Mutumin nan amanar mutane ce a hannunsa, duka yake nema. Ƙanena Mai Hoto, ka saurare ni da kyau. Duk akwatin da ya fito ya ce Format, ko Initialize, ko Scan and fix, ka rufe shi. Fomat mai sauri yana share jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake da sunansa. Wanda ba mai sauri ba kuwa, tun zamanin Windows Vista sifili yake bi yana rubutawa a kan faifan daga farko har ƙarshe, babu manhajar da za ta dawo maka da ko hoto ɗaya bayan haka. Garin neman gira kada a rasa ido.

Maganar firinta mu ajiye ta gefe tukuna. Ita ko sati ta yi a tsaye ba abin da zai ɓata. Faifan ne abin ji. Ka cire shi yanzu, ka amsa min tambaya uku: a ina kake jona shi, kai tsaye jikin laftof ko ta wani abu? Yana da wayar wuta tasa daban ko daga USB yake shan wuta? Sannan idan ka jona, ka kara kunnenka a jikinsa, me kake ji?

Mai Hoto: Na gode Injiniya. Ƙarami ne, irin na sa wa a aljihu, ba shi da wayar wuta. Ina jona shi ta wani ɗan akwati mai baki huɗu, a nan maus da abin karanta kati da firinta duk suke. Na kara kunnena. Yana tashi da ƙara "wiiii" kamar zai ɗau gudu, sai ya yi wani ɗan "tik" sau ɗaya ya mutu, sai ya sake tashi.

Injiniya: Alhamdu lillahi, wannan ƙarar ta fi kama da ta yunwar wuta. Da "tak, tak, tak" ka ji a jere babu tsayawa, da na ce ka kashe shi kada ka sake kunnawa. Ramin USB 2.0 miliamfiya 500 yake bayarwa, na 3.0 kuma 900. Faifai mai juyawa ya fi jan wuta a daidai lokacin da yake tashi, kai kuma ka raba wutar rami ɗaya gida huɗu. Ka cire akwatin nan gaba ɗaya. Ka sa cajar laftof a wuta, ka jona faifan kai tsaye a ramin da cikinsa shuɗi ne ko wanda aka rubuta SS a gefensa. Ka duba bakin kebul ɗin ta wajen faifan, mai faɗin nan da yake da tsaga kamar baki biyu aka haɗe. In ka taɓa shi yana rawa, to ka nemo sabo, gajere, mai kauri.

Mai Hoto: To amma Injiniya, a haka nake amfani da shi fiye da shekara, bai taɓa yi min haka ba sai da na canza Windows.

Injiniya: Na yarda. Hawan sabuwar Windows yana sake ɗora direbobin USB, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ta iya aiki da na'ura, kuma saitin tsimin wuta kan iya komawa yadda yake na asali. Abin da dama da ƙyar yake tsaye, ɗan wannan canjin ya isa ya kayar da shi. Ka gyara wuri biyu. Ka danna alamar Start da maɓallin dama, ka zaɓi Device Manager, ka sauka ƙasa zuwa Universal Serial Bus controllers. Duk wanda aka rubuta USB Root Hub ka buɗe shi, ka shiga Power Management, ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe shi don tsimin wuta. Sannan a Control Panel, cikin Power Options, ka shiga saitin da suka kira advanced, ka nemo USB selective suspend ka mai da shi Disabled. Sai ka kashe ta ka kunna da Restart, kada ka yi da Shut down, saboda Shut down ɗin Windows ba ya kashe ta gaba ɗaya idan Fast startup na kunne.

Hajiya Mai Kafe: Sannu Mai Hoto, Allah ya fitar da kai. Ka ƙara da duba cikin ramin da tocilan ɗin waya. Hunturun bara faifaina biyu suka riƙa yankewa, na ɗauka sun mutu. Da yaron shagona ya sa tsinken sakace a ramin, kwamfuta a kashe, sai ga dunƙulen ƙura da zaren kaya kamar auduga. Tun daga ranar ba su sake yankewa ba. Amma tsinken itace fa, ban da allura.

Mai Hoto: Na dawo. Na sayo sabon kebul, na share ramin kamar yadda Hajiya ta ce, na yi saitin duka biyun. Yanzu minti ashirin ke nan yana juyawa bai yanke ba. Sai dai har yanzu babu shi a This PC.

Injiniya: Madalla. Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta diskmgmt.msc. Ka karanto min abin da ke rabin ƙasa, kada ka danna komai.

Mai Hoto: Akwai Disk 0, akwai Disk 1. Disk 1 an rubuta 1863 GB, NTFS, Healthy, da shuɗin layi a samansa. Amma 2TB na saya, ina sauran ya tafi? Ko ya fara cinyewa ne?

Injiniya: Babu abin da ya cinye. Masu ƙera faifai da 1000 suke ƙirga, Windows kuma da 1024, shi ya sa kowane 2TB yake fitowa 1863. Abin da ka karanto labari ne mai daɗi: NTFS shi ne tsarin da Windows ke jera fayiloli da shi, wato jadawalin fayilolinka yana nan, harafi irin C ko D ne kawai faifan ya rasa. Ka danna shuɗin wurin da maɓallin dama, Change Drive Letter and Paths, sai Add. Wane harafi yake da shi a da?

Mai Hoto: E ne. Amma yanzu E ba ya cikin jerin, na ga abin karanta katin da ke jikin laftof ne ya ɗauke shi.

Injiniya: To ka ba shi P. Harafin can ƙasa ba mai yi masa rububi, ko filashi nawa ka jona.

Mai Hoto: Allahu Akbar! Ya fito! Ga foldodin bikin nan duka uku. Injiniya, Allah ya saka da alheri, Allah ya jiƙan mahaifa. Hannuna har rawa yake.

Injiniya: Amin, tare da naka. Amma kada ka tashi tukuna, ba mu gama ba. Faifan nan ya kwana biyu yana tashi yana faɗuwa. Ka sauke CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, kyauta ce, ka buɗe, ka gaya min launin da ta ba shi da abin da ke layin 05 da C5 da C6.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Kafin ya dawo, ku ba ni dama. Mu nan yawancin injinanmu da Faransanci suke, to wanda ke bi daga wajenmu, abin da Injiniya ya kira Disk Management shi ne Gestion des disques, Device Manager kuma Gestionnaire de périphériques. Amma diskmgmt.msc ɗin nan iri ɗaya ne a kowane harshe. Ni ma na bi abin da aka ce da nawa faifan, wanda ya ƙi buɗewa tun da na hau 11. Nawa yana da harafi, sai dai inda na Mai Hoto ya ce NTFS, nawa RAW ya ce, kuma kullum sai ya nemi fomat. Takardun kasuwancina na shekara huɗu ne a ciki. Wani ya ce in yi chkdsk.

Autan Zaure: Ai chkdsk da /f yana gyarawa, na sha gani a bidiyo.

Injiniya: Sau da yawa ma ƙi zai yi, ya ce ba ya aiki a kan RAW, wato faifan da Windows ba ta gane tsarinsa ba. Ranar da ya yarda kuwa ita ce ranar tsoro. Aikin chkdsk shi ne ya daidaita jadawali ko ta halin ƙaƙa. Abin da bai gane ba sai ya yanke shi, ya tara guntaye a wata folda mai suna found.000, kuma ba a komawa baya. A faifan da aka riga aka kwashe kayansa, babu laifi. A wanda kwafi ɗaya tak ke ciki, ban yarda ba.

Malam na Maraɗi, tambaya ɗaya kafin komai: an taɓa shirya faifan nan a kan Mac ko Linux? Domin Windows ba ta karanta tsarinsu, APFS na Mac ko ext4 na Linux, tana iya neman fomat alhali lafiyarsa ƙalau.

Ɗan Maraɗi: A'a, a Windows kaɗai yake aiki. Sai dai na tuna yana jone lokacin da injin ke hawa 11, kuma wuta ta ɗauke ana tsakiya, batirin ba ya riƙewa.

Injiniya: To ga dalilin nan. Ka fara gwada shi a wata kwamfutar. In can ma RAW ne, ka sauke TestDisk, kyauta ce, wani Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta ta. Baƙin allo ne da rubutu, kada ya tsorata ka. Ka zaɓi faifan, ka shiga Advanced, ka zaɓi List. Idan ta nuna maka foldodinka da sunayensu, to ka kwafe su zuwa wani faifan daban, kada ka taɓa Write ko Rebuild sai kayanka sun fita. In List ta gaza, a cikin kunshin akwai 'yar'uwarta PhotoRec. Ita ba ruwanta da jadawali, bin faifan take tana tsinto fayiloli da alamar da ke kansu. Za ta kawo takardun, amma babu sunayensu na asali, babu foldodi, sai ka zauna ka tantance ɗaya bayan ɗaya. Ko wacce ka yi amfani da ita, kada ka zuba abin da aka ceto a kan faifan da ake ceto daga cikinsa.

Wannan kuma ga kowa: ranar da za a hau sabuwar Windows, a cire duk wani faifai da filashi da kati, a sa caja, in da hali a tayar da janareta.

Mai Hoto: Injiniya, launin rawaya ta ba shi, an rubuta Caution. Akwai ɗigon rawaya a C5. 05 da C6 shuɗi ne.

Injiniya: Abin da nake gudu ke nan. C5 wurare ne a jikin faifan da ya yi ƙoƙarin karantawa ya kasa. Wani lokaci yankewar wuta ana tsakiyar rubutu ce ke jawo su, wani lokaci kuma tsufa ne ya fara. Ba ma buƙatar sanin wanne ne yanzu. Yau ɗin nan za ka kwashe, kuma bikin da aka biya ka shi ne farko. Nawa ne sarari a cikin laftof ɗin?

Mai Hoto: Kusan 190GB. Bukukuwan uku duka ba su kai 140 ba. Sauran tsofaffin ayyuka ne, sun haura 1TB.

Injiniya: Ya isa na yau. Kada ka ja da maus ka saki, saboda in ya ci karo da fayil mai matsala zai tsaya yana ta nukurkusar wurin. Ka buɗe Command Prompt a matsayin Administrator ka rubuta kamar haka, ka sa sunan foldarka a inda ya dace:

robocopy "P:\Biki1" "C:\Ceto\Biki1" /E /R:1 /W:1 /LOG:C:\biki1.txt

R:1 ɗin nan shi ne maganin. In ba ka sa ba, robocopy zai sake gwada fayil ɗin da ya ƙi har sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji. Da shi kuwa sau ɗaya zai sake, ya wuce, ya rubuta sunan wanda ya ƙi a cikin biki1.txt. Ka ajiye faifan a kan tebur a kwance, kada a motsa shi, fanka na kaɗa shi. Kada ka buɗe hotunan kana kallo daga cikinsa.

Autan Zaure: Na ji an ce in faifai ya fara mutuwa a sa shi a leda a jefa a firiza ya kwana, yana farfaɗowa.

Baba Mai Gyara: Yaro, na fi shekara ashirin ina buɗe injina, bari in gaya maka. Faifan da ya fito daga firiza ya shiga zafin garinmu, raɓa ce za ta kwanta a cikinsa. Tsakanin allurar da ke karatu da farantin, tazarar ba ta kai kaurin gashi ba, nesa ba kusa ba. Ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya sa ta karce farantin. Haka masu buɗe murfin a kan teburin shago wai su duba. An sha kawo min irinsu da shatin yatsa a kan faranti, sai dai in ce wa mai shi ya yi haƙuri.

Abin da zan ƙara wa maganar Injiniya: in kebul da rami duk sun gaza, wasu faifan na waje in ka ɓare kwanson robar za ka tarar da faifan laftof ne na SATA da ɗan allo a bakinsa. Sau da yawa ɗan allon ne ya ƙone, sai a sa faifan a sabon kwanso ya tashi. Wasu kamfanonin kuma bakin USB ɗin a jikin allon faifan suke liƙa shi, waɗannan babu wannan dabarar. A bincika lambar samfurin kafin a ɓare. Kwanson roba na ce, ban ce murfin ƙarfe ba.

Autan Zaure: Na ji Baba, na gode. Na janye.

Malama Mai Zane: Mai Hoto, tunda dole ka sayi sabo, ga tawa. Ni da Mac nake aiki, masu kawo min hotuna kuma yawanci Windows ne. Mac tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kai sai da ƙarin manhaja. exFAT kowa na karantawa yana rubutawa, shi ya sa na fi son sa. FAT32 kuwa ka manta da shi, fayil ɗin da ya wuce 4GB ba ya shiga, bidiyon kamu ɗaya ya fi haka.

Injiniya: Malama, a nan zan ɗan saɓa miki. exFAT ba ya ajiye rijistar abin da yake kan rubutawa, NTFS yana yi. In wuta ta ɗauke ko kebul ya zame ana tsakiyar aiki, NTFS ya fi iya tashi da ƙafarsa. A wurin da wuta ba ta da tabbas, ma'ajiyar dindindin NTFS ya kamata ta zama.

Malama Mai Zane: Gaskiya ne, ban musa ba. To a raba: babban faifan da ke zaune a shago NTFS, ƙaramin da ke yawo tsakanin mutane exFAT. Kuma in kuɗi sun isa, na yawon ya zama SSD, tunda babu abin da ke juyawa a cikinsa, in jaka ta faɗi daga kan babur ba a shiga uku ba. Ni dai ƙa'idata, ba na goge katin kyamara sai aikin yana wuri biyu, kuma sai na miƙa wa mai shi. Kati ya fi arha a kan kiran uwar amarya.

Mai Hoto: Wannan gaskiya ce Malama, na ɗauka. Kwafin yana tafiya, na farko ya wuce rabi. To maganar firinta fa? Gobe Litinin masu fasfo za su cika shagon. Ko in koma Windows 10 ne kawai in huta?

Hajiya Mai Kafe: Irin saƙon nan ya fito min a kan tsohuwar sikanata. Ga yadda na yi. Na cire manhajarta gaba ɗaya, na cire kebul ɗinta, na shiga shafin kamfanin da kansa na nemo direba. Ba su da na Windows 11, amma akwai na Windows 10 mai 64-bit da ya fi wanda ke kan faifan CD ɗin da ta zo da shi sabunta, shi na ɗora ya yi. Ka guji shafukan nan masu cewa za su sabunta maka direbobi duka da dannawa ɗaya, tarkace suke cusawa. Ita kuma manhajar da ta ƙi buɗewa, na danna ta da maɓallin dama, Properties, Compatibility, na zaɓi Windows 7. Wata kuma .NET Framework 3.5 take nema, sai da na kunna shi a cikin Windows Features, yana buƙatar data kaɗan.

Injiniya: Hajiya ta gama magana, haka za ka fara. Saƙon da ka gani yawanci daga wani tsaro yake zuwa mai suna Memory integrity, yana cikin Windows Security, Device security, Core isolation. Aikinsa hana tsofaffin direbobin da ɓarayin intanet kan bi ta cikinsu su shiga ƙashin bayan kwamfuta. Za ka ga masu cewa a kashe shi kawai. Firintar na iya tashi in an kashe, amma ni ban so, tunda a laftof ɗin nan kake shiga banki, kuma kullum filashin baƙi na shiga cikinta.

Baba Mai Gyara: Injiniya, mai shago fa abinci yake nema. In sabon direba bai samu ba, ya kashe na kwana biyu ya sallami mutane, ba a kansa aka fara ba.

Injiniya: Baba, in ta kama dole, na yarda, da sharaɗin ya san abin da ya kashe kuma ya mayar. Amma akwai hanyar da ta fi: in yana da tsohuwar kwamfuta a ajiye, ya ware ta ga firinta kaɗai, babu intanet a kanta. Da tsohuwar zuma ake magani.

Maganar komawa 10 kuwa, ƙofar a buɗe take na kwana 10 kacal daga ranar da ka hau. Tana Settings, System, Recovery, Go back. Kwana biyu sun tafi. Kada ka goge foldar Windows.old don neman sarari, kada ka bar Disk Cleanup ta share ta, ita ce hanyar komawar. In kana son ƙarin lokacin tunani, ka buɗe Command Prompt a matsayin Administrator kafin kwanakin su cika ka rubuta:

DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60

Zai zama kwana 60. Wanda ya koma 10 kuma ya shiga shirin ESU na Microsoft, wanda ke ba masu amfanin gida gyaran tsaro zuwa 13 ga Oktoban 2026. Amma kai, ko za ka koma, ba yau ba. Kwafin da ya rage maka na hotunan nan a cikin laftof ɗin yake sauka, ba a girgiza ta sai sun samu gida na biyu.

Hajiya Mai Kafe: Kuma ka duba ko an kulle faifan cikin laftof ɗin da BitLocker, a Settings, Privacy & security, Device encryption. Sababbin Windows 11 da yawa a kulle suke zuwa in an shiga da asusun Microsoft. Wata ɗaliba ta zo min da kuka, shuɗin allo na neman mabuɗin BitLocker mai lambobi 48, wanda ya saita mata injin da imel ɗinsa ya yi, kuma ta rasa inda yake. Kundin digirinta na ciki. Ka shiga account.microsoft.com/devices/recoverykey yau, ka kwafe lambar a takarda da biro, ka sa a inda kake ajiye takardun gida.

Mai Hoto: Na duba Hajiya, a kunne yake, ban ma san da shi ba. Na rubuta lambar. Kwafi ya gama: biki na farko da na uku sun fita cif. Na biyu, rahoton robocopy ya nuna fayil 7 sun ƙi, duka daga wajen ɗaurin aure. Sannan manhajar da nake gyaran hoto da ita ta sa alamar tambaya a kan komai, wai ba ta ga hotunan ba.

Injiniya: Manhajar E take nema, ta saba da shi. Kada ka sake shigo da hotunan a matsayin sababbi, gyaran da ka yi zai rabu da su. Ka danna babbar foldar da maɓallin dama a cikin manhajar, za ka ga inda ake nuna mata sabon wuri, ka nuna mata C:\Ceto. In ka gyara ta sama, na ƙasa za su bi.

Fayil 7 ɗin nan kada ka yi ta maimaita su. Ka cire faifan ta Safely remove, ka ajiye shi a aljihun tebur. Ranar da sabon ya zo, wanda bai gaza 2TB ba, za mu tayar da laftof ɗin da Ubuntu, wani nau'in Linux, daga filashi ba tare da an ɗora ta ba, mu sa manhajar ceto mai suna ddrescue. Ita tana fara kwashe duk wurin da ke da lafiya, tana rubuta inda ta tsaya, sai daga ƙarshe ta dawo kan wuraren da suka ƙi, a hankali. Ta haka tsofaffin ayyukanka ma za su fita gaba ɗaya. Kyamararka tana ajiye hoto iri biyu ne, ɗanyen hoto na RAW (ba RAW ɗin faifai ba) da JPEG?

Mai Hoto: Eh, iri biyu take yi. Na duba yanzu, biyar daga cikin bakwai ɗin JPEG ɗinsu ya fita lafiya. Biyu ne babu ko ɗaya, kuma ɗayan hoton waliyyai ne suna musabaha.

Injiniya: To waɗannan biyun su za mu bi. Yau da dare ka ɗora bikin da aka biya a Google Drive ko ka zuba a filashi, ko da JPEG ɗin ne kaɗai, kada ya kwana a wuri ɗaya.

Ɗan Maraɗi: Ni ma ga labari. List ta nuna foldodina duka da sunayensu. Ina kwashewa zuwa injin ƙanena, ya kai kashi ɗaya cikin uku. Allah ya biya ku.

Mai Hoto: Firinta ma ta tashi da direban Windows 10 na shafin kamfanin, ban kashe komai ba. Na wanke gwaji ɗaya, kalar ta ɗan yi ja, zan daidaita da safe. Baba, gobe bayan azahar zan shigo kasuwa neman faifai biyu, babba da ƙaramin SSD. In kana shago ina so ka duba min su kafin in biya.

Baba Mai Gyara: Ina nan har la'asar in sha Allah. Ka taho da laftof ɗin da CrystalDiskInfo a kai. A gaban mai kayan za mu jona, mu karanta Power On Hours, wato awannin da faifan ya yi a kunne, don na sha ganin tsohon faifai a cikin sabon kwali. Ka taho da filashi mai 8GB ma, in haɗa maka Ubuntu ɗin da Injiniya ya ce.